Na zana jirgi daga hoton wani, ban san mai hoton ba

Assalamu alaikum 'yan uwa. Don Allah masana doka da masu sana'ar zane, ku taimaka min da shawara.

Ina zaune a Agege, sana'ata zanen allon shaguna, amma tun ina yaro jirage ne a raina, don kullum suna wucewa ta saman gidanmu za su sauka Ikeja. Wata uku da suka wuce wani abokina ya turo min tsohon hoton jirgin sama samfurin DC-10 na Nigeria Airways, kamfanin da ya daina aiki a 2003. Fari da kore, ga tambarinsu na giwa mai fukafukai a jela. Na yi sati biyu ina zana shi da fenti, har inuwar tayoyin na bi sak.

Yanzu wani Alhaji a unguwarmu ya gani, yana so a buga masa kalanda da shi, zai biya. Nan na tsaya. Gefen hoton an yanke, da alama nan sunan mai ɗaukarsa yake. Na tambayi abokin nawa, ya ce shi ma turo masa aka yi.

Na san dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare hoto shekara 50, kuma wannan bai kai ba. To zanen da na yi da hannuna nawa ne, ko har yanzu haƙƙin mai hoton na ciki? Rubuta "ba a san mai hoto ba" ya wadatar? Ba na son cin gumin wani. Ta ina zan fara nemansa? Alhaji na jiran amsa ranar Juma'a.