Takardar shaidar rasuwa: New York za mu nufa ko New Jersey?

Maman Yusra: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Allah Ya saka da alheri ga duk waɗanda suka samu jana'izar maigidan maƙwabciyata. Yanzu ga abin da ya taso. Banki sun ce ba mai taɓa asusun marigayi sai an kawo takardar shaidar rasuwa mai hatimi, wurin aikinsa ma abin da suka faɗa ke nan. A wani asibiti a Bronx, cikin birnin New York, ya cika, amma kun san a New Jersey aka rufe shi. To wace jiha za mu nufa? Ita tana takaba, yaran kuma ƙanana ne.

Hajiya Kumasi: Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta, Ya raya abin da ya bari.

Baban Khalil: Amin. Maman Yusra, inda rai ya fita nan ake rajista, ba ruwansu da inda kabari yake. Tunda a Bronx ya cika, ku bar batun New Jersey.

Ɗan Zazzau: Ke nan Albany za su rubuta wa, can ma'aikatar lafiya ta jiha take.

Baban Khalil: A'a malam, kar ka aike su dawa. Birnin New York ofishinsa daban yake da na jiha. Wanda ya rasu a Bronx, Brooklyn, Manhattan, Queens ko Staten Island, takardarsa tana hannun ma'aikatar lafiya ta birni, lamba 125 Worth Street a Manhattan. Albany na waɗanda suka rasu a wajen birni ne, kamar Buffalo ko Rochester. Na birni dala 15 ne kowane kwafi.

Sani Mai Tasi: Mutumin Zariya da kwatance! Da shi za a bi, sai an kwana a hanya.

Ɗan Zazzau: Bakano dai ba ya rasa abin faɗa. Kai da kake ɓata a Queens da fasinja a mota?

Hajiya Kumasi: Ku yara, gidan makoki muke.

Anti Balki: Ni a ganina ba sai kowa ya je ko'ina ba. Ku kira gidan da suka shirya gawar. Su ne ke shigar da rajistar tun farko, kuma su kan karɓo wa iyali kwafi idan an biya. Wataƙila ma ranar jana'iza sun tambaya guda nawa ake so, hankalin kowa ba ya jikinsa.

Alhaji Issoufou: Salamu alaikum. Ku yi haƙuri zan ɗan tsawaita, don wannan abu ya taɓa cin mu. Lokacin da yayana ya rasu nan Greensboro a North Carolina, ana sauri a rufe shi kafin la'asar, sai masu shirya gawa suka nemi wanda zai ba su bayani. Wani abokinsa, da kyakkyawar niyya, ya tsaya ya faɗa musu da ka. Ya ce Mohammed, alhali a fasfo da lasin tuƙi Mahamadou ne, irin rubutunmu na Nijar. Sunan mahaifi kuma aka sa shi a gurbin sunansa, nasa ya koma baya. Ba wanda ya duba. Takarda ta fito tsaf da hatiminta, muka ɗauka an gama.

Da muka kai banki, ma'aikaciyar bankin ta shafa hatimin da yatsa, ta ɗora katin marigayi gefen takardar, ta bi haruffan ɗaya bayan ɗaya da bakin biro, sannan ta turo mana abinmu. Ta ce a wurinta mutum biyu ne. Kamfanin inshora na wurin aikinsa ma suka tsaya a kan haka. Ga kuɗin haya ya zo, ga matarsa da yara, ga kuɗinsa a ajiye ba dama. Gyaran suna kuwa wani aiki ne daban, da fom nasa, da hujjojin da za ka haɗa, da jira na watanni. Kwafin da muka saya da farko duk suka zama na banza.

Don haka Maman Yusra, kafin ku sayi ko guda, ku ce a nuna muku abin da aka shigar. Ku ajiye fasfonsa da katin Social Security (hukumar fansho da tallafi ta gwamnatin Amurka) a gefe, ku bi suna harafi-harafi, ranar haihuwa, lambar katin, sunan iyaye, da sunan matar. Idan da kuskure a gyara yanzu ta hannun gidan da suka shigar, tun abin yana da ɗumi. Ku fara da kwafi ɗaya, in ya yi daidai sannan ku ƙaro.

Maman Yusra: Innalillahi. Alhaji, wallahi ka tuna min, ban san wanda ya ba da bayanin ranar ba. Zan tambaya.

Alhaji Issoufou: Mu nan North Carolina ma da sauƙi, ofishin rajista na gunduma dala 10 suke karɓa.

Sani Mai Tasi: Guda nawa ya kamata a saya? Ni na ji an ce goma.

Baban Khalil: Ya danganta da abin da mutum ya bari. A lissafa banki, inshora, fansho, mota in da sunansa take, mai gidan haya. Wasu suna dubawa su mayar maka, wasu su riƙe. A New Jersey na farko dala 25 ne, kowane ƙari dala 2, shi ya sa can mutane ke kwasa da yawa. A New York ba ragi, goma dala 150 ke nan. Ni dai biyar ko shida nake ba da shawara.

Anti Balki: Kuma a kula da intanet. Kana rubuta neman takardar shafuka za su fito rututu, su karɓi kuɗi mai yawa a kan cike maka fom kawai. Shafin VitalChek ne birni ke aiki da shi, shi ma akwai ɗan ƙarin kuɗin hidima. A shiga ta shafin ma'aikatar lafiya ta birni, daga nan a bi.

Maman Yusra: To ni zan iya karɓo mata?

Baban Khalil: Maƙwabtaka ba ta isa ba, Hajiya. Mata, 'ya'ya, iyaye, 'yan'uwa na jini, ko wanda sunansa ke jikin takardar a matsayin mai ba da bayani. Ta nema da kanta daga waya, da katin shaidarta, a aiko mata gida.

Malam Na Harlem: Ko da fitar ta kama, mai takaba tana fita da rana don lalura ta dawo ta kwana ɗakinta. Kar a ƙuntata mata.

Hajiya Kumasi: Malam, mu a zango ba haka muka taso muka gani ba. Wata huɗu da kwana goma ko ƙofar gida ba a leƙawa.

Malam Na Harlem: Hajiya, can akwai dangi cike da gida masu yi mata komai. Nan wa zai kai yara makaranta?

Ɗan Zazzau: Wani abu kuma. In dangi a gida za su yi rabon gado ko akwai fili da sunansa, takardar nan haka kawai ba lallai kotu ko banki su karɓa ba. Najeriya ba ta cikin yarjejeniyar Hague ta tantance takardu, don haka sai an bi matakan hatimi har zuwa ofishin jakadancinmu da ke Second Avenue. Tun wurin nema a faɗa musu ƙasar waje za a kai.

Sani Mai Tasi: Yau dai Bazazzagi ya faɗi ta ƙwarai.

Anti Balki: Kar a manta da Social Security. Akwai dala 255 da ake ba matar mamaci sau ɗaya, cikin shekara biyu ake nema. Abin da ya fi shi ma, in ya yi aiki da takardu yana biyan haraji, yaran suna iya samun kuɗin wata-wata har su kai 18. Ta kira su.

Ma'aji: Tunda ana maganar kuɗi, asusun jana'iza ya yi ƙasa bayan wannan hidimar. Mutane da dama ba su biya na wata uku ba. Ba zan kira suna ba yau.

Sani Mai Tasi: Ma'aji, a fara kawo mana lissafin abin da aka kashe tukuna.

Ma'aji: Lissafi yana nan, duk Juma'a ina masallaci da littafin a hannu. Wa ya taɓa zuwa ya duba?

Malam Na Harlem: A bar wannan sai taron Lahadi, don Allah.

Maman Yusra: Na kira gidan shirya gawar. Sun ce an shigar, amma ƙanin abokinsa ne ya ba da bayani, kuma matar ba ta san yadda ya rubuta sunanta ba. Gobe da safe zan kai musu fasfon mu duba. Akwai mai mota da zai bi ta Fordham wajen ƙarfe tara?

Sani Mai Tasi: Ki shirya, Hajiya, zan biyo.