Hoton M51 ya ƙi fita da kyau, a taimaka

Maisontaurari: Salam 'yan uwa, na ɗauki hoton M51 (galaxy ce, wato babban tarin taurari mai siffar murɗe) da ƙaramin teleskof amma hannayenta masu murɗewa basu fito ba sai wani fari dishi-dishi, ƙaramar dake maƙale da ita NGC 5195 ma da kyar ake ganinta, don Allah ina matsalar take?

Dogon_dare: Wslm. Malam hoto ɗaya baya isa ai, haskenta yayi tafiyar sama da shekara miliyan 20 kafin ya iso. Ɗauki da yawa kowanne kamar minti 2 ka haɗa su a manhajar haɗa hotuna ta DeepSkyStacker, zaka ga har gadar dake tsakanin M51 da ƙaramar.

Tauraruwa: Kuma ka jira daren da babu farin wata, ka nisanci fitilu.

Dogon_dare: Ƙafar teleskof ɗin tana bin juyawar sama kuwa? In ba haka ba taurarin zasu ja layi.