Muhawara: Shin likitocin Sin na dā sun san ciwon ruɓewar ƙashi?

Baban Ummi: 'Yan uwa, ni dai ina nan kan bakana: Sinawa sun fahimci wannan ciwo tun da daɗewa. A shekarar 610, zamanin daular Sui, littafin likita Chao Yuanfang ya yi bayanin abin da suke kira "fu gu ju", wato ƙurjin da ya manne wa ƙashi. A Faransa kuwa sai 1844 likita Nelaton ya raɗa masa sunan da asibitoci ke amfani da shi yau, wato "osteomyelitis".

Maman Sadiƙ: Baban Ummi, gani daban, sanin musabbabi daban. Me Sinawan suka ce yana kawo shi? Sun ce ƙoda ce ke riƙe da ƙashi. In ƙarfinta ya ragu, sai iska da sanyi su kutsa har ƙashi su kwanta, jini ya daskare, a hankali abin ya rikiɗe ya zama zafi mai dafi, ya tara mugunya. Ina ƙwayar cuta a nan?

Ɗan Gwaggo: Wallahi kamar kakarmu nake ji, in ta ce sanyi ya shiga ƙashi.

Baban Ummi: Hajiya, kowa da harshen zamaninsa. Amma dubi idonsu! Sun rubuta yadda gyambon ke ƙin rufewa, yana ta tsiyaya, har sai mataccen guntun ƙashi ya fito. Likita Chen Shigong, a littafinsa na 1617, ya yi maganar wannan. Sun kuma ware wani irin ciwon mai tafiyar hawainiya, marar ja marar zafi, wanda yanzu aka san tarin fuka ne ya kama ƙashi.

Maman Sadiƙ: Wannan kam na yarda, sun lura ƙwarai. Sai dai a 1880 likita Ogston ya ga ƙwayoyin cuta cikin mugunya a Sikotilan, sannan fenisilin ya zo a shekarun 1940, mace-mace suka ragu sosai. Abin da ke damuna shi ne yaranmu masu sikila, su ciwon ya fi yi wa dirar mikiya. Uwa ta karanta maganarka ta sayo garin ganye, alhali yaro na bukatar maganin asibiti na sati huɗu zuwa shida, wani lokaci har da tiyata.

Baban Ummi: Subhanallahi, ban ce a bar asibiti ba. Tarihi nake karewa.

Maman Sadiƙ: To ka rubuta hakan a saman saƙonka, don Allah. Da yawa ba sa karantawa har ƙasa.