Gasar kallon tsuntsaye a kan keke cikin hunturun Amurka

Abin da na tsinta daga hirar masu wannan gasa, wadda duk wanda ya fi ganin nau'ikan tsuntsaye a yini guda shi ya ci: a fita tun asuba saboda mujiya, don a Disamba rana ba ta daɗewa. Kaya kuwa a saka sirara biyu-uku, wai rigar sanyi mai kauri in ka yi gumi a hawan tudu ka tsaya duba tsuntsu sanyin sai ya shige ka har ƙashi. Waya a aljihun ciki take zama, in ba haka ba sanyi ya sa batir ya mutu kana tsakiyar rubutawa a eBird, manhajar da ake rubuta tsuntsayen da aka gani. Ruwan gora daskarewa yake, gara shayi a fulas. Agwagi kuma a neme su inda kogi bai daskare ba, can suke taruwa.