Taken littafin Foucault ya tsaya mini a wuya, ina neman shawara

Assalamu alaikum malamai da 'yan uwa. Ina rubuta kundin digiri na biyu da Turanci, amma da Faransanci na karanta littafin masanin falsafa ɗan Faransa Michel Foucault, Surveiller et punir, wanda Gallimard ta buga a 1975. Duk abin da na ciro daga ciki ni na fassara da kaina, lambobin shafi ma na bugun Faransa ne.

Fassarar Alan Sheridan ta 1977 sunanta Discipline and Punish, kuma shi mai fassarar ya ce Foucault da kansa ya ba da shawarar wannan suna. To amma surveiller sa ido ne, irin na mai gadi a kan fursuna. Babina kacokan a kan wannan ya ginu: kurkukun da masanin falsafa ɗan Ingila Jeremy Bentham ya zana, hasumiya a tsakiya, ɗakunan fursunoni kewaye da ita, kowa na zaton ana kallonsa ko da babu kowa a sama. In na sa discipline, hankalin mai karatu kan horo da ladabtarwa zai tafi, idon ya ɓace. Na gwada supervise, sai ya fito kamar aikin shugaban ofis.

Malamina ya ce lallai take ya zo da Turanci. Shin in sa sunan da aka sani alhali ba wannan bugun na yi amfani da shi ba, ko in bar na Faransanci in biyo shi da tawa fassarar? Wanda ya taɓa cin karo da irin wannan, don Allah yaya ya yi a jerin manazarta?