Wanda ya goyi bayan raba yara da iyayensu a iyakar Amurka, a kira shi azzalumi?

Ɗan Zango: Ni dai maganata ɗaya ce. Duk wanda ya tafa wa gwamnatin Trump a 2018, lokacin da take ƙwace yara daga hannun iyayensu a iyakar Meziko, azzalumi ne, kuma ba zan sassauta kalmar ba. A watan Afrilu ministan shari'a Jeff Sessions ya ce duk babban da ya tsallako ba izini kotu za a kai shi. Uwa ta tafi gidan yari, ɗanta a miƙa shi wata hukuma daban. Dubban yara aka yi wa haka, har da na goye.

Malamin Firamare: A hankali, ɗan'uwa. Tsarin mugunta ne, ban musa ba. Amma mutum miliyan nawa ka ɗaure da igiya ɗaya? Akwai mai kiwo a Texas da ake ratsa masa fili cikin dare, akwai lebura mai tsoron a karya masa farashin aiki. Abin da suka nema a tsare iyaka. Ba su ce a raba uwa da ɗa ba.

Maman Khalifa: Malam, ai ba a ɓoye aka yi ba. Tun Maris 2017 John Kelly, yana ministan tsaron cikin gida, ya faɗa a talabijin cewa suna duba raba iyalai don wasu su ji tsoro su fasa zuwa. Wato wahalar yaran ita ce manufar, ba tsautsayi ba. A Yuni 2018 kafar labarai ta ProPublica ta fitar da muryar yaran suna kuka suna kiran uwa da uba. Wanda ya ji wannan ya ce iyayen suka jawo, me kake so in kira shi? Mai ra'ayi daban?

Malamin Firamare: Hajiya, to me zagin ya haifar? A 2016 Hillary Clinton ta kira rabin magoya bayan Trump abin ƙyama. Suka buga kalmar a riguna suna yawo da ita, ta kuma faɗi zaɓe. Da Trump ya sa hannu ya dakatar da rabawar ranar 20 ga Yuni 2018, matsin na ɓangarensa ma ya taimaka: Laura Bush, matar tsohon shugaba George W. Bush, ta rubuta cewa abin rashin tausayi ne, Franklin Graham, babban mai wa'azin da ke bayansa, ya ce abin kunya ne. Aikin suka soka, ba su kori mutanen daga cikin 'yan Adam ba.

Ɗan Zango: Matar tsohon shugaba ta ce rashin tausayi, ka yaba. Ni na ce azzalumi, ka ce a hankali. Rashin tausayin shi ya aikata kansa?

Alhajin Kumasi: Yara, ku bari in sa baki. A 1969 firaministan Ghana Busia ya ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar Ghana. Hausawa da Yarbawa da aka haifa a zango suka sayar da kaya a banza suka hau mota. A Janairun 1983 Shagari ya rama, aka kori baƙi sama da miliyan ɗaya, yawancinsu 'yan Ghana, mutane suka yi ta kwana a bakin iyakar Seme, tsakanin Najeriya da Benin. Har yau jakar nan Ghana Must Go ake ce mata, ana dariya. Waɗanda suka yi murna a wancan lokaci iyayen wasunku ne, masu salla a sahun gaba. Ɗan Zango, su ma azzalumai ne?

Ɗan Zango: Baba, Allah ya ƙara girma. Wanda ya ga maƙwabcinsa yana ɗaure kaya ya yi guɗa, ko ya saye gidansa da arha, e, ya yi zalunci, ko da mahaifina ne. Wanda bai sani ba, ko ya yi shiru don tsoro, ban haɗa shi ba.

Malamin Firamare: Ka ga yanzu ka fara rarrabewa. Da farko "duk wanda" ka ce.

Ɗan Zango: Duk wanda ya tafa na ce. Koma ka karanta.

Maman Khalifa: Malam, ka damu da yadda kalma za ta yi wa mai kiwon Texas zafi. Alƙali Dana Sabraw ya ba gwamnati kwana 30 ta mayar wa iyaye 'ya'yansu, sai aka tarar ba a ma ajiye ingantaccen bayanin wane ɗan wa ba, an kuma riga an tasa keyar ɗaruruwan iyaye gida ba 'ya'yansu. A Oktoba 2020 lauyoyi suna neman iyayen yara 545 ba su same su ba. Ka ba ni kalma mai laushi da ta dace da wanda ya san wannan, har yau yake cewa daidai aka yi, ni kuma zan daina cewa azzalumi.

Malamin Firamare: Wannan mutumin ba zan kare shi ba. Maƙwabcinsa da ya zaɓi Trump don tsadar rayuwa nake magana.

Maman Khalifa: To maƙwabcin ya fito ya ce bai yarda ba. Bakinsa ba a ɗaure yake ba.