Wa ya kayar da Raila a Addis Ababa?

Malam Bashir: Assalamu alaikum jama'a. Zan maimaita abin da na faɗa tun daren Asabar, 15 ga Fabrairun 2025, ko da za a jefe ni: Faransa ce ta kayar da Raila Odinga na Kenya a zaɓen shugaban Hukumar Tarayyar Afirka. Mutumin nan shekara guda cur yana kamun ƙafa, daga wannan fadar shugaban ƙasa zuwa waccan, Shugaba Ruto na Kenya yana mara masa baya. A zagayen farko shi ne a gaba da ƙuri'a 20, Mahmoud Ali Youssouf na Jibuti 18, Richard Randriamandrato na Madagaska 10. Sai a zagaye na bakwai a ce ɗan Jibuti ya kwashe 33? Ƙasar da mutanenta miliyan ɗaya ne da 'yan kai, ga sansanin sojan Faransa a cikinta. Biri ya yi kama da mutum.

Abdu na Maraɗi: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka, lissafin bai fita ba. Ƙasashe 55 ne a Tarayyar, 49 ke da damar jefa ƙuri'a a ranar. Shidan da aka dakatar a lokacin su ne Mali, Burkina Faso, Gini, Gabon, Sudan, da mu Nijar. Biyar a ciki masu Faransanci ne, ta shidan kuma tana Ƙungiyar Ƙasashen Larabawa kamar Jibuti. Ke nan rumbun da kake cewa ɗan Jibuti ya ɗebo daga ciki, shi ne ya fi yin giɓi a ranar. Kuma Faransar da muka sallami sojojinta a 2023, wadda Chadi ma ta sallame su, ita ce za ta jera ƙasashe 33 a sahu?

Hajiya Rabi: In batun sansani ne, Amurka na da nata a Jibuti, Sin na da shi, Japan ma haka. Me ya sa ba ka ce Japan ce ta kayar da shi ba, Malam?

Malam Bashir: Hajiya, ba'a kike yi. To ku ƙirga mini waɗanda suka riƙe kujerar. Amara Essy na Kwaddibuwa na riƙon ƙwarya, Alpha Oumar Konaré na Mali, Jean Ping na Gabon, Moussa Faki na Chadi, yanzu kuma Youssouf. Mutum ɗaya tak ce ba mai Faransanci ba, Nkosazana Dlamini-Zuma. Biyar cikin shida. Wannan ma Japan ce?

Dakta Aminu: Wannan ƙidayar taka gaskiya ce Malam, ba zan musa ba. Amma ƙasashe masu Faransanci su haɗa kai abu ne daban, Faransa ta ba da umarni abu ne daban. Ka tuna 2012: Najeriya bayan Ping ta bi, ba bayan 'yar Afirka ta Kudu ba, saboda akwai fahimtar da ba a rubuta ba cewa manyan ƙasashe ba sa neman kujerar. Duk da haka Ping ya faɗi a watan Yuli, bayan an yi canjaras a Janairu. A 2017 kuma Abdoulaye Bathily na Senegal da Faki suka kara da juna, duk masu Faransanci.

Ni abin da na gani shi ne Kenya ba ta yi wa tsarin zaɓen karatun natsuwa ba. Ana buƙatar biyu bisa uku, wato 33 cikin 49, ƙuri'ar kuma a asirce ake jefa ta. Da 'yan takara uku, da wuya wani ya ci tun farko. Saboda haka tambayar da ke ba da kujera ita ce: in naka ya faɗi, wa za ka koma wa? Raila ya tara alkawarin zaɓin farko, da hotuna a fadoji. Youssouf ya tara zaɓi na biyu. Ku duba, a zagaye na uku ya riga ya wuce, 23 da 20. A na shida 26 da 22. Raila bai taɓa motsawa nesa da inda ya fara ba. Da ɗan Madagaska ya fita, ƙuri'unsa ba su gangaro wa Kenya ba.

Kuma Youssouf ya riƙe ministan harkokin wajen Jibuti tun 2005 har zuwa lokacin zaɓen. Shekara ashirin yana zama da ministoci da jakadun da ke rubuta wa shugabanni takardar shawara. Yana jin Faransanci, Larabci da Turanci. Shugaba zai karɓe ka a fada, a sha shayi, ya ce "muna tare", amma mai raɗa masa a kunne cikin zauren shi ne ministansa.

Alhaji Isa: Dakta ka sosa mini inda yake mini ƙaiƙayi. Na taɓa neman shugabancin ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa. Rumfa-rumfa na bi, na raba goro, mutum ashirin da bakwai suka ce in je in kwanta, an gama. Wani har da riƙe mini hannu yana cewa ai tun kakanni muke tare. Ranar ƙidaya na tashi da ƙuri'a tara, ciki har da tawa da ta ƙanena. Washegari duk ashirin da bakwai ɗin suka zo jaje, kowa na rantsuwa yana cikin taran.

Sadiƙu: Baba Alhaji, ai kai ne Railan kasuwarku! Ni kuwa laifin Ruto nake gani. Kowa ya san bayan zanga-zangar matasa ta Yunin 2024 ya jawo mutanen Raila cikin gwamnati, kuma ya so dattijon ya tafi Addis ya bar masa fili a 2027. Shugabannin nan ba yara ba ne. Me zai sa su ba ka kujerar nahiya don ka kashe wutar gidanka? Ga shekaru kuma, a lokacin Raila 80, Youssouf 59.

Hajiya Rabi: Sadiƙu, bar zancen shekaru, masu jefa ƙuri'ar da yawansu sun kusa sa'anninsa, wasu ma sun girme shi. Abin da ya fi damun su shi ne nauyinsa. Tsohon firaminista, wanda ya nemi shugabancin ƙasa sau biyar, ba zai zauna yana karɓar umarni kamar sakatare ba. Sun ɗanɗana haka da Konaré, tsohon shugaban ƙasa mai faɗin abin da ke bakinsa. Tun daga kansa ba su sake ɗauko kowa ba sai wanda ya riƙe ma'aikatar harkokin waje: Ping, Dlamini-Zuma, Faki, Youssouf. Wannan jerin ya fi naka cika, Malam Bashir, don babu wanda ya fita daga ciki.

Abdu na Maraɗi: Hajiya ta kawo ƙarshen gardama. Ko a zamanin tsohuwar ƙungiyar OAU da Tarayyar ta gada, namu Idé Oumarou daga wannan ma'aikatar ya tafi a 1985. Kuma Salim Ahmed Salim na Tanzaniya ya kayar da shi a 1989, ya zauna shekara goma sha biyu. Ina Faransa take lokacin?

Dakta Aminu: Kada a manta da Kwango. Birnin Goma ya faɗa hannun 'yan tawayen M23 a ƙarshen Janairun 2025, sojojin Afirka ta Kudu sun mutu a can. Kinshasa dama tana jin haushin Kenya tun Disambar 2023, da aka ƙaddamar da ƙawancen 'yan tawayen a Nairobi. Ana saura kwanaki sai ga wasiƙar SADC, ƙungiyar ƙasashen kudancin Afirka, tana kiran mambobinta 16 su zaɓi Madagaska. Ko ita ba a bi ta duka ba, tunda 10 ɗan Madagaska ya samu. Sannan Malam, wanda ya fito ya ce ya kira Shugaba Macron na Faransa a waya kan rikicin Kwango, Ruto ne da kansa.

Malam Bashir: To, na ji. Na janye batun umarni daga Faris. Amma ban janye batun harshe ba. Sau biyu ke nan Kenya na faɗuwa a zaɓen da ya kai zagaye na bakwai, Amina Mohamed a 2017, Raila a 2025, kuma duk a hannun mai Faransanci daga ƙasar Musulmi. Mutumin da zai shiga taron Larabawa, ya shiga na masu Faransanci, ya shiga na ƙasashen Musulmi, ƙofa uku gare shi. Raila ɗaya.

Dakta Aminu: Wannan kuma ba abin da ka fara da shi ba ne, Allah gafarta Malam. Wannan shi ne kamun ƙafar da nake faɗa.

Sadiƙu: Mu dai Najeriya mun yi dabara. Ba mu nemi babbar kujera ba, Bankole Adeoye ya koma kan tasa ta siyasa da tsaro, Aljeriya ta ɗauki mataimakiya bayan ta doke Maroko.

Alhaji Isa: Ku jira ku gani, duk wanda Ruto ya kira don jin ba'asi zai rantse yana cikin 22 ɗin nan. An kira la'asar a nan, sai na dawo.